Ordered, writeback ko journal: wanne ya dace da sabar da ake yawan ɗauke wa wuta?

Tambayar ta fito ne daga wani malami da ke kula da cibiyar kwamfuta a Samaru, inda ɗalibai ke gwajin jarrabawa a kan kwamfuta. Yana da saba ɗaya mai Ubuntu, RAM ɗinta 16GB. SSD ne ke ɗauke da tsarin aiki da rumbun bayanai na MySQL, sai faifai mai juyawa na 2TB da ake tara bidiyon darussa da na kyamarorin tsaro. Duka a kan ext4 suke, wato tsarin da Linux ke bi wajen jera fayiloli a faifai. Sau biyu ana ɗauke wuta sabar ta mutu kafin a tayar da janareta, da ta dawo sai ya tarar da wasu fayiloli suna nan da sunansu amma girmansu sifiri. Ext4 yana da zaɓi uku na yadda yake rubuta bayanai: data=ordered, data=writeback da data=journal. Malamin ya ji an ce data=journal ya fi tsare bayanai, data=writeback kuma ya fi sauri, shi ne yake tambayar wanne zai mayar tsayayyen zaɓi a injinansa.

Malam, ka bar shi a data=ordered, wanda dama shi ext4 ke zuwa da shi. Fayilolin da suka dawo wayam ba laifin wannan zaɓin ba ne, kuma in ka koma writeback matsalar ƙaruwa za ta yi. Shi journal zai rage ta, amma da tsadar da akwai hanyar kauce mata. Abin da ke yanke yawan aikin da za ka rasa idan wuta ta tafi abu uku ne: tsawon lokacin da bayanai ke zama a RAM kafin su sauka faifai, ko manhajar tana kiran fsync, wato umarnin a sauke bayanai faifai nan take, da ko faifan yana faɗin gaskiya idan ya ce ya rubuta. Wanda ya tsaya yana juya data= ya bar waɗannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai an san alkawarin da kundin ext4, wanda ake kira journal da Turanci, ya ɗauka kafin a zarge shi da saɓawa. Ajiye fayil ɗaya a faifai ba rubutu ɗaya ba ne. Za a rubuta abin da ke cikin fayil ɗin a bulo-bulo, kowane bulo bayit 4096 a yawancin ext4. Za a yi alama a taswirar faifai cewa waɗannan bulo an kama su. Za a gyara inode, wato katin shaidar fayil mai ɗauke da girmansa da mai shi da inda bulolinsa suke. Za a kuma saka sunansa a cikin folda. Ukun ƙarshe su ake kira metadata. Idan wuta ta yanke bayan an yi biyu saura biyu, faifan ya saɓa wa kansa: ga bulo an ce an kama amma ba mai shi, ko ga suna a folda yana nuna katin da babu. A zamanin ext2, kakan ext4 da ba shi da kundi, maganin shi ne fsck, shirin duba faifai, ya bi faifan kaf yana lissafi, abin da kan ci lokaci mai tsawo a babban faifai.

Shi ya sa ext3, wanda Stephen Tweedie ya jagoranci rubutawa kuma ya shiga kenel, wato zuciyar Linux, a sigar 2.4.15 a 2001, ya zo da kundin niyya. Wani keɓaɓɓen wuri ne a faifan, inode mai lamba 8, da tsarin ke fara rubuta gyare-gyaren da yake shirin yi, ya buga musu hatimin kammalawa, sannan ya je ya yi su a ainihin wurarensu. Ana buga wannan hatimi duk daƙiƙa 5, shi ne commit=5. Idan injin ya mutu ya tashi, duk abin da ke da hatimi a maimaita shi, wanda ba shi da hatimi a watsar kamar ba a taɓa fara shi ba. Aikin daƙiƙoƙi ne, kuma za ka ga "recovery complete" a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel. To alkawarin ke nan: tsarin faifan zai tashi a daidaite. Bai ce aikin minti ɗin ƙarshe zai tsira ba.

Bambancin zaɓin uku yana wajen yadda ake yi da abin cikin fayil, don metadata kam kowannensu yana sa ta a kundi. Ka ɗauki mai sito a kasuwar Sabon Gari, da littafinsa da buhunansa. Littafin shi ne metadata, buhunan su ne abin cikin fayil. A ordered, sai 'yan dako sun gama jera buhuna a sito sannan yake rubuta a littafi cewa lungu kaza na wane ne. In aka tashi kasuwa a tsakiyar aiki, iyaka dai littafin bai san da sabon kayan ba, amma duk abin da littafin ya faɗa gaskiya ne. A writeback yana rubuta littafi lokacin da ya ga dama, buhunan su iso lokacin da suka iso. In aka tashi a tsakani, littafi ya ce lungun na wane ne, wane ya zo ya buɗe ya tarar da ragowar kayan wanda ya bar wurin bara. A journal kuwa kowane buhu sai an fara sauke shi a zaure an rubuta shi, daga baya a sake ɗauka a kai sito. Ba abin da ke ɓata a hanya, amma kuɗin dako biyu ake biya.

Akwai wani gurbi a ordered da ya kamata a sani. Tsarin da yake kiyayewa na sababbin bulo ne. Idan manhaja tana sake rubutu a kan tsakiyar fayil da dama yake nan, ba sabuwar metadata mai muhimmanci da za a jira, don haka wuta na iya yankewa rabin fayil sabo rabi tsoho. Wannan ne dalilin da ya sa kowane rumbun bayanai na kirki yake da nasa kundin, ba ya dogara da na ext4.

Yanzu batun fayilolinka masu sifiri. Dalilinsu wata dabara ce da ext4 ya zo da ita tun da aka ayyana shi tsayayye a kenel 2.6.28 a ƙarshen 2008: jinkirta rabon bulo. Idan manhaja ta rubuta fayil, ext4 ba ya yanka masa wuri nan take. Yana barin bayanan a RAM har ya ga iya girmansu, sannan ya ba su wuri guda a jere. Wannan yana rage warwatsewar fayil a faifai, yana ƙara sauri sosai. Sai dai sunan fayil da katinsa suna shiga kundi cikin daƙiƙa 5, su kuwa bayanan suna iya kai daƙiƙa 30 a RAM, domin an saita vm.dirty_expire_centisecs a 3000, wato daƙiƙa 30. Wuta ta tafi a cikin wannan tazara, ka tashi da suna ba ciki. Ordered bai karya alkawari ba, tunda ba a raba bulon ba balle a ce an rubuta littafi kafin buhu.

An yi babbar muhawara a kan wannan a farkon 2009, lokacin da masu gwajin Ubuntu 9.04 suka riƙa rasa fayilolin saiti bayan injin ya daskare. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya tsaya a kan cewa manhajar da ke son tabbaci ta kira fsync. Masu rubuta manhajoji suka ce ai ext3 bai taɓa yi musu haka ba. Sulhun da aka yi shi ne auto_da_alloc a kenel 2.6.30, wanda yake kunne har yau: idan manhaja ta rubuta sabon fayil ta sauya masa suna ya maye gurbin tsoho, ko ta share cikin tsohon fayil ta sake cika shi, ext4 yana gaggauta sauke bayanan. Amma fayil sabo fil da ba ya maye gurbin kowa, kamar sakamakon jarrabawa da aka fitar zuwa PDF ko hoton da ɗalibi ya ɗora, bai shiga wannan rangwamen ba. Ina kyautata zaton irin waɗannan ne ka rasa.

Gaskiya ne data=journal zai taƙaita tazarar, daga kusan daƙiƙa 30 zuwa kusan 5, domin bayanan kansu suna bin hatimin kundi. Ga abin da za ka biya. Kowane bayit sau biyu ake rubuta shi, don haka kwafar babban fayil a faifai mai juyawa kan sauko kusan rabin saurinsa, ga kuma kan faifan yana kai-komo tsakanin kundi da ainihin wuri. A SSD kuma kana cin adadin rubutun da aka ƙayyade masa ninki biyu. Yana kashe jinkirta rabon bulo, yana kuma kashe O_DIRECT, hanyar da MySQL ke iya bi ya rubuta kai tsaye ba tare da an tara masa bayanai sau biyu a RAM ba. Ga shi InnoDB, injin ajiya na MySQL, dama yana rubuta kowane shafi sau biyu don kare kansa daga yagewa, ban da nasa kundin. Ka ɗora masa journal, rubutu ɗaya ya zama huɗu ba tare da ƙarin tsaro ba. Sannan abin da kusan kowa ke amfani da shi shi ya fi shan gwaji, kuma kusan kowa a ordered yake. Wannan kaɗai hujja ce ga mai saba ɗaya tilo.

Inda journal ke da amfani shi ne ƙaramin fatishan, wato ɓangaren faifai, mai ƙananan fayiloli da ake yawan rubutawa da fsync, irin layin jiran wasiƙun imel. A nan har sauri yakan ƙara, saboda rubutun da zai warwatse ya zama a jere cikin kundi. Ko a nan ɗin ba dole sai fatishan duka ba: chattr +j a kan fayil yana sa shi kaɗai ya bi ta kundi, sauran su ci gaba a ordered, muddin an kashe jinkirta rabon bulo a fatishan ɗin. Idan har za a sa journal a fatishan, a faɗaɗa kundin, in ba haka ba zai riƙa cika yana tsayar da rubutu. Ana sauke fatishan ɗin, a yi e2fsck -f, sannan:

tune2fs -O ^has_journal /dev/sdb1
tune2fs -j -J size=1024 /dev/sdb1

Wannan kundi ne na 1024MB. Girman wanda kake da shi yanzu kuwa dumpe2fs -h zai nuna maka.

Akwai hanya mafi arha ga mai son halin tsohon ext3: a bar data=ordered a ƙara nodelalloc a fatishan ɗin takardu. Rabon bulo zai koma nan take, don haka kowane hatimin daƙiƙa 5 zai tilasta sauke bayanan tare da shi, kuma sau ɗaya ake rubutawa. Fayiloli za su ɗan fi warwatsewa, abin da SSD bai damu da shi ba sosai.

Shi kuma writeback sunan da ya yi na sauri gadon wani zamani ne. A ext3, idan manhaja ɗaya ta kira fsync a ordered, sai an sauke duk bayanan da ke jiran rubutu na kowa da kowa kafin a amsa mata. Firefox 3 ya sha wannan a 2008: yana ajiye tarihin shafuka a ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, wanda ke yawan kiran fsync, sai burauza ta daskare na daƙiƙoƙi idan ana kwafar wani babban abu a gefe. Abin ya kai har a kenel 2.6.30 an mayar da writeback tsayayyen zaɓin ext3, aka bar wa masu haɗa kenel damar komawa ordered. Manyan masu rarraba Linux suka ƙi bin canjin, daga baya kenel ɗin ma ya koma ordered. A ext4 wannan ciwon ya ragu ƙwarai, domin bayanan da ba a raba wa bulo ba ba sa cikin abin da hatimi ke jira. Shawarwarin "sa writeback ka ga gudu" da ke yawo a intanet yawancinsu na ext3 ne, wanda direbansa ma an cire shi daga kenel tun 4.3 a 2015.

Haɗarinsa ba rasa aiki kaɗai ba ne. Takardun kenel sun faɗa a fili cewa bayan faɗuwa tsofaffin bayanai na iya bayyana cikin fayil da aka rubuta dab da faɗuwar. A cibiya irin taka, inda mutane da yawa ke ajiya a faifai ɗaya, wannan na nufin fayil ɗin wani ɗalibi zai iya tashi da gutsuren takardar da aka goge ta wani, ko ta tambayoyin jarrabawa. Kuma girman fayil ɗin daidai zai nuna, ba abin da zai ja hankalinka har sai an buɗe. Fayil mai sifiri aƙalla yana shelar kansa. Garin neman gira kar a rasa ido.

Ban ce ba shi da wuri ba. Takardun PostgreSQL, wani rumbun bayanai irin MySQL, da kansu sun ambaci data=writeback a matsayin hanyar rage nauyi, tunda rumbun yana kiran fsync a duk inda ya kamata kuma yana gyara kansa daga nasa kundin. Sharaɗin shi ne fatishan ɗin na rumbun ne shi kaɗai. Faifanka na 2TB ma zai iya ɗauka in da bidiyon kyamara ne zalla, don abin da zai ɓullo bai wuce tsohon bidiyo ba. Sai dai rubutun bidiyo dogon rubutu ne a jere, metadata kaɗan ce a cikinsa, don haka ribar ba ta da yawa. Ka auna, in bambancin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. In kuma kana ajiye kwafin rumbun bayanai a faifan nan, maganar writeback ta ƙare.

Ga mai son gwadawa, a fara da sanin inda ake. Sababbin kenel ba sa nuna data=ordered a fitowar mount saboda shi ne na asali, don haka a duba nan:

cat /proc/fs/ext4/sda2/options

ko a nemi layin da ke ɗauke da "ordered data mode" a dmesg. Canza fatishan da ba na tushe ba abu ne mai sauƙi: a gyara layinsa a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a ɗora kowane fatishan, misali defaults,noatime,data=writeback, a sauke shi da umount a sake ɗora shi. Remount ba ya yi, kenel zai ƙi, ya ce ba a canza wannan zaɓi a kan faifan da ke ɗore.

Wannan ƙin ne ke kayar da mutane a fatishan na tushe. Lokacin tashi, ana fara ɗora / a matsayin karatu-kawai da zaɓin asali, wato ordered, sannan a sake ɗora shi da abin da ke fstab. In fstab ya ce writeback ko journal, sake ɗorawar ta gaza, / ya zauna a karatu-kawai, MySQL ya ƙi tashi, kai kuma ba ka iya gyara fstab ɗin da ya jawo abin tunda ba ya rubutuwa. Mafita biyu ce. Ko dai ka ba da umarnin da sunan faifai da wurin ɗorawa tare, wanda ke sa mount ya yi watsi da fstab:

mount -o remount,rw /dev/sda2 /

ko a allon GRUB, wanda ke fitowa lokacin tashin inji, ka danna e, ka ƙara rootflags=data=writeback (ko data=journal in shi ne a fstab) a ƙarshen layin linux, ka tashi da Ctrl-X. Hanyar da ta dace tun farko ita ce a sa rootflags a /etc/default/grub a yi update-grub, ko a rubuta zaɓin a jikin faifan da tune2fs -o journal_data_writeback, wanda ake cirewa da alamar ^ a gaban sunan. Kada a yi wannan aikin daga nesa ta SSH, kuma kada a yi shi ana gobe jarrabawa.

To me za ka taɓa a maimakon data=? Fara da tazarar RAM. A yadda Linux ke zuwa, yana fara sauke bayanai a hankali idan waɗanda ba a rubuta ba sun kai kashi 10 cikin 100 na RAM ɗin da ke samuwa, ya tsayar da mai rubutu a kashi 20. A injin 16GB hakan na iya kai kusan 3GB a iska. Faifai mai juyawa da ke rubuta 120MB a daƙiƙa yana buƙatar daƙiƙa 25 kafin ya kwashe su. Ka buɗe fayil a /etc/sysctl.d/ ka sa:

vm.dirty_background_bytes = 67108864
vm.dirty_bytes = 268435456
vm.dirty_expire_centisecs = 1000

Wato a fara saukewa daga 64MB, iyaka 256MB, kuma kada bayani ya wuce daƙiƙa 10 yana jira. Sai sysctl --system. Da ka sa na bayit, na kaso za su koma sifiri da kansu, kada ka tsorata in ka gani. Commit kuma ka bar shi a 5. Masu cewa commit=60 suna magana ne a kan laftof da ke son tsimin batir.

Sai MySQL, inda sakamakon ɗalibai yake. Ka tabbata innodb_flush_log_at_trx_commit yana 1. Wasu kan mayar da shi 2 don sauri, wanda ke nufin amsoshin daƙiƙar ƙarshe na iya tafiya da wuta bayan an riga an nuna wa ɗalibi cewa an karɓa. Abin da ya fi wannan muhimmanci: ka duba injin da teburanka ke kai. InnoDB ya zama na asali tun MySQL 5.5, amma tsofaffin manhajojin makaranta da aka rubuta da PHP da yawa suna ƙirƙirar teburansu da MyISAM, wanda ba shi da kundi kwata-kwata. Teburin MyISAM da wuta ta yanke masa rubutu yakan tashi a lalace ko da wane data= aka sa. SHOW TABLE STATUS zai nuna maka, ALTER TABLE da ENGINE=InnoDB zai juya shi, bayan ka ɗauki kwafi. In akwai rubutun da ku kuka yi da kanku mai fitar da fayiloli, tsarin da ba ya ba da kunya shi ne: rubuta a fayil na wucin gadi, fsync, sauya suna zuwa na gaske, sannan fsync a kan foldar.

Duk wannan ya rataya ne a kan faifan ya faɗi gaskiya. Kowane faifai yana da 'yar ma'ajiyar wucin gadi a jikinsa da ke gogewa idan wuta ta tafi. Kafin ext4 ya buga hatimi yakan umarci faifan ya zazzage wannan ma'ajiya, abin da zaɓin barrier=1 ke yi, kuma kunne yake zuwa. Duk inda ka ga nobarrier ko barrier=0 a fstab, cire shi, sai fa in akwai katin RAID mai nasa batir da aka tabbatar yana da rai. Ba tare da shingen nan ba hatimi na iya riga abin da aka buga masa sauka, kuma a lokacin kundin da kansa ne zai lalata faifan yayin maimaitawa. Wasu SSD masu arha da wasu akwatunan faifai na USB suna amsa cewa sun zazzage alhali ba su yi ba. A faifai mai juyawa ganewa ba wuya: mai gudun 7200 yana zagayawa sau 120 a daƙiƙa, don haka in gwaji ya nuna dubban fsync a daƙiƙa, wani a hanya yana ƙarya. Umarnin hdparm -W0 yana kashe ma'ajiyar a faifan SATA, da ragin sauri, kuma sai an maimaita shi a kowane tashi. SSD na saba masu kapasito a ciki, da ke ba su damar kammala rubutu bayan wuta ta yanke, su ne maganin asali in aljihu zai ɗauka. In kuma sabar tana cikin injin kwaikwayo ne, a duba saitinsa: cache=unsafe a QEMU, ɗaya daga cikin manhajojin injin kwaikwayo, yana watsi da umarnin zazzagewa gaba ɗaya.

Ban ga ka ambaci UPS ba, ko kuma yana nan batirinsa ya gaji. Ƙaramin UPS mai batir ɗaya na 12V 7Ah a takarda yana da 84Wh, amma in ana jan 150W daga gare shi da wuya ya wuce minti 10 zuwa 15 yana sabo, don batirin dalma ba ya ba da duk abin da ke cikinsa idan aka ja shi da ƙarfi. Zafi kuma yana cinye shi: ƙa'idar da masu batir ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. Ɗakin saba a Zariya cikin Maris da Afrilu, ba na'urar sanyaya ɗaki, ka san inda ya dosa. A gwada batirin da ainihin nauyinsa kafin bazara, ba da fitilar gaban akwatin ba. Kuma UPS da ba ya magana da sabar rabin UPS ne, domin jinkirta mutuwar kawai yake yi. A sayi mai kebul na USB, a sa manhajar da ke sauraron UPS, wato NUT ko apcupsd, a saita sabar ta kashe kanta cikin tsari. A apcupsd, TIMEOUT 180 na nufin in an yi minti 3 a kan batir wuta ba ta dawo ba, a rufe. Ka auna tsawon lokacin da mai tayar da janareta ke ɗauka daga kujerarsa zuwa juya layi, ka sa lambar sama da haka kaɗan, amma ƙasa da rabin abin da batirin ya nuna a gwaji. In cibiyar na da inbata da sola, sabar da na'urar haɗa layukan kwamfutoci su fara hawa kai kafin fanka.

Gwajin kansa a yi shi a wani injin daban mai irin faifan, ba a sabar aiki ba. Don sauri, a yi fatishan na gwaji a ɗora shi da kowane zaɓi bi da bi, a gudanar da abu ɗaya:

fio --name=gwaji --directory=/mnt/gwaji --rw=write --bs=8k --size=500m --fdatasync=1

Wannan yana kwaikwayon rumbun bayanai. A sake yi da --bs=1m ba tare da fdatasync ba don kwaikwayon bidiyo, da girman da ya fi RAM, in ba haka ba saurin RAM za ka auna. Kowanne sau uku, a ɗauki na tsakiya.

Don tsaro kuwa sai an zare filogi. Umarnin echo b > /proc/sysrq-trigger yana kwaikwayon faɗuwar kenel, amma faifan bai rasa wuta ba, don haka ba zai tona asirin ma'ajiyarsa ba. A rubuta ɗan shiri da ke saka lamba ɗaya bayan ɗaya a teburin InnoDB, duk wadda rumbun ya ce ya karɓa a aika ta wata kwamfuta ta rubuta. Ana cikin haka a zare wayar wuta daga bango, ba maɓallin gaban injin ba. Idan ya tashi a kwatanta lambar ƙarshe a teburin da ta ƙarshe a ɗaya kwamfutar. A maimaita sau 10. In ko sau ɗaya teburin ya gaza lambar da aka ce an karɓa, faifan ne ko abin da ke tsakaninsa da kenel, kuma a nan za a sake gwajin da hdparm -W0 a ga ko ratar ta rufe. In ta rufe, ka san SSD ɗin da za ka canza. A NVMe, smartctl -a yana da layin "Unsafe Shutdowns" da ke ƙirga sau nawa wuta ta yanke masa ba sallama. Ka rubuta wannan ƙidayar ta sabarka yau, ka sake dubawa bayan wata ɗaya da sa UPS ɗin.